Harafin da Ya Ɓace wa Ja-Igiya

Shekara talatin da huɗu maigidana ya yi yana gyaran janareta, kuma tsawon shekarun nan ban taɓa jin ya ce "na yi kuskure" ba, ko da wasa. In ya ɗaura noti a karkace, to notin ne ba shi da tarbiyya. In ya fita da takalmi wari da wari, ni ce na ajiye su a inda bai kamata ba. Ja-Igiya ake ce masa a layinmu, saboda yadda yake fizgar igiyar tada inji sau ɗaya tak, ba ya maimaitawa. Yakan ce duk wanda ya ja igiya sau uku bai gyara komai ba, roƙon injin kawai yake yi.

Da gyaran keke ya fara, tun kafin in san shi. Daga nan ya koma injin niƙa, sannan da wuta ta fara yi wa garin wasan ɓuya kowa ya sayi janareta, sai ya kafa rumfar kwano a bakin titi, tsakanin mai walda da tela. Har yau tana nan yadda take: benci ɗaya mai ƙafa uku da rabi, gwangwanayen madara cike da filogi da notuna, sifanoni a jere jikin katako kowacce da ƙusarta, sai jarkoki biyu na baƙin mai a lungu. Ba ya yarda a zubar da baƙin mai a kwata. Ya taɓa bin wani mutum har ƙofar gidansa a kan wannan, mutumin da ya girme shi nesa ba kusa ba.

Da wannan rumfa ya ciyar da mu, ya sa yara biyar a makaranta. Amma ita ma rumfar ta ci nata rabon, don ƙarar inji ta cinye masa kunne. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama yana nan rabi da rabi. Aikin bai tsaya ba: sai ya dafa kan sukundireba a jikin inji, ya kafa ƙotar a haɓarsa, ya lumshe ido, ya ce maka kabureta ce. Kuma ita ce ɗin. Inda abin ya fi taɓa shi shi ne magana, musamman harafin nan na "sh", wanda ya ɓace masa ɓat kamar an sace. In na ce masa "tashi", sai ya ce, "Wa ta yi me?" Ranar da maƙwabcinmu ya leƙo ya ce an yi musu rashi, shi "rai" ya ji, ya washe baki ya ce, "Kai madalla, Allah ya raya!" Ni na je na ba da haƙuri. Shi kuwa har gobe cewa yake mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana.

A cikin yaran, Auta ce ta ɗauko shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tana 'yar shekara bakwai ta kwance min rediyo gunduwa-gunduwa, na ɗauko muciya, shi ya tare ya ce in bar ta ta mayar. Ta mayar kuwa, noti biyu ne kawai suka yi saura. Ta yi karatun injiniya, ta samu aiki a nesa, kuma kowace ranar hutu sai ta kira shi su yi awa guda suna musu a kan inji, yana ihu a waya har tela na ji daga shagonsa. Ni in na karɓi wayar, gaisuwa kawai nake samu. Ina kishi, ba zan ɓoye ba.

To, wata rana da hantsi ta kira shi da murna, an mayar da ita sabon sashe. Ina wanke-wanke na ji ihun ya tsaya cak. Ya ajiye wayar a kan tabarma a hankali, ya tashi ya tafi rumfa ko shayinsa bai ƙarasa ba. Daga ranar ya daina ɗaukar wayarta. In ta kira tawa ta ce a ba ta Baba, sai ya ce hannunsa da mai. Mutumin da ke cin abinci da mai a hannu! Na tambaye shi ya fi sau goma, sai a sati na uku ya ja ni ɗaki, ya tura ƙofa, ya ce, "Yarinyar nan ta shiga aikin makamai. Makaman nukiliya. Da bakinta ta gaya min."

Ni dai duk sanda na ji kalmar nukiliya a rediyo, da bam ake haɗa ta. Na kira Auta, na kasa fitowa fili, na ce dai wane irin aiki take yi yanzu. Ta ce, "Umma, aikin wutar lantarki ne mana." Na kai masa wannan, ya girgiza kai irin na tausayi ya ce, "Ke me kika sani? Haka ake koya musu su faɗa. Ni ta gaya wa gaskiya." Wata huɗu aka yi a haka. Ya rame, ya daina tsokanata, in ya ga hotonta a bango sai ya kau da kai. Ita kuma tana can tana kuka, ba ta san laifinta ba.

Ana cikin haka aka zo aka liƙa takardu a gari. Wai ana so a kafa ƙaramar tashar nukiliya a fegin da ke bayan tsohuwar ma'ajiyar hatsi, kuma ba za a taɓa ƙasa ba sai an ji ta bakin mutanen gari. Aka sa ranar taro. Wa aka rubuta za ta zo ta yi bayani? Auta, tunda 'yar gari ce.

Nan fa Ja-Igiya ya miƙe tsaye. Ya ce in ya kasa hana 'yarsa, ba zai kasa kare garinsa ba. Kuma a layinmu in dai maganar inji ce, abin da ya faɗa shi ne magana. Ya mayar da rumfarsa majalisa. Duk wanda ya kawo gyara sai ya tafi da inji mai aiki da kuma tsoro sabo fil. Wani malamin makaranta ya yi ƙoƙarin gyara masa, ya ce, "Baba, makamashi fa aka rubuta." Ya ce, "To ni me na ce? Kun ji ko, malamai ma sun tabbatar!" Malamin ya ɗauki janaretansa ya yi gaba. Tela ya ɗinka musu ƙyalle mai faɗin ƙofar gareji, mai walda ya yi masa sanduna, aka rubuta da jan fenti: BA MA SON MAKAMAI A GARINMU.

Ana gobe taro, da la'asar, Auta ta iso da jakarta a kafaɗa. Ina tsakar gida ina hura gawayi, shi yana zaune a baranda yana goge wani filogi da tun safe yake gogewa. Ta gaishe shi, ya amsa wa filogin. Ta ajiye jaka ta zauna a ƙasa daf da kunnensa na dama.

"Baba, don Allah me na yi maka?"

Ya ajiye filogin, sannan ya fashe. "Na kai ki makaranta da guminnan nawa don ki ƙera abin hallaka bayin Allah? Ni ina gyara wa mutane haske, ke kina haɗa musu bam?"

"Wane bam kuma, Baba?"

"Ba ke kika ce min kin koma aikin makaman nukiliya ba?"

"Makamashi na ce. Makamashin nukiliya."

"To ni me na ce?"

Wallahi a nan ne abin ya faɗo min a ka. Na dubi gawayin da ke hannuna, na dubi mijina, dariya ta kama ni har na zauna daɓas a kan turmi. Dariya nake hawaye na zuba, rabi na daɗi, rabi na takaicin wata huɗun da muka yi a banza. Na tashi na je gabansa, na rubuta da gawayi a kan siminti, manya-manya: MAKAMAI. A ƙasansa na rubuta MAKAMASHI, na ja layi biyu a ƙarƙashin harafin da kunnensa ya zubar. Na ɗaga masa gawayin na ce, "Malam, ka ga wannan? Shi ne makamashi. Itace makamashi ne, kananzir makamashi ne, man da kake ɗura wa injinanka ma makamashi ne. Shekara talatin da bakwai ina dafa maka abinci da makamai ke nan?"

Ya ɗauko tabaransa ya sa. Ya karanta na sama, ya karanta na ƙasa, ya sake komawa sama. Ya sosa kunnen nan nasa mara aiki. Can ya ce, "To me ya hana ki buɗe baki ranar?"

Auta ta yi dariya ita ma, irin wadda ake yi da majina. Kafin in mayar da tukunya kan wuta sun koma halinsu. Ta karɓi gawayin ta zana masa a ƙasa. Ta ce tukunya ce, Baba, ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Abin da ke cikinta yana ba da zafi ba tare da an ƙona komai ba, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da wuta. Ba ta fitar da hayaƙin nan da ke sa duniya ƙara zafi. Ƙarama ce, a masana'anta ake haɗa ta a kawo a girka. Yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Ai na san wannan," alhali yau ya fara ji.

Sai da ya sha ruwa ya tuna da ƙyallen tela. Fuskarsa ta sauya. Ya taɓa goshi ya ce yana jin kamar zazzaɓi zai kama shi gobe. Na ce, "Oho, har zazzaɓi ya fara aiko da sanarwa?"

Auta ba ta yi dariya ba a wannan karon. Ta ce, "Baba, ban ce ka goyi bayana ba. In kana da tsoro ka faɗe shi, akwai abin tsoro na gaske a ciki, ni ma na sani. Amma in ka zauna a gida, maganar da ka riga ka faɗa ita za ta je a madadinka, kuma ni za ta tarar a tsaye."

Na san mijina. Ka ce masa ya ɗaga janareta mai cin mutum huɗu shi kaɗai, zai ɗaga. Amma ya lashe amansa a gaban mutanen da suka yi shekaru suna ce masa "yadda ka ce"? Ban sa rai ba, Allah ya gani.

Da safe na tarar ya goge rigarsa da kansa, ya ƙona gefen aljihu. Muka tafi ɗakin taron makaranta. An cika maƙil, har tagogi. Ƙyallen nan yana baya, mutum biyu na riƙe da shi. Auta ta tsaya a gaba kusa da shugabanta, wani dogo mai yawan duba agogo. Ta yi bayani tsaf, muryarta ba ta rawa, amma ni da na haife ta ina ganin yadda take murza zoben hannunta. Mutane na ta gunaguni. Da ta gama ba wanda ya tafa. Mai walda ya juyo ya daka wa maigidana tsawa, "Ja-Igiya, tashi mana!"

"Ta yi, ai na ga ta yi," in ji shi. Amma ya tashi.

Aka miƙa masa makirufo ya ture, ya ce shi bai taɓa buƙatar wannan ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Jama'a, an ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To nawa kunnen bai ji ba. Yarinyar nan makamashi ta ce min, ni na ji makamai. Na ɗauki kuskurena na raba muku kyauta, kowa ya kai gida. Ƙyallen can da kuke riƙe da shi, kunnena ne ya rubuta shi. Na yi kuskure."

Wata tsohuwa a gaba ta ƙyalƙyale, shi ke nan sai kowa ya ɓarke. Malamin makarantar nan har da buga benci. Tela ya rufe fuska da hula. Ni kuwa ban yi dariya ba, don kalmomin nan uku nake juyawa a raina, ina jin daɗi kamar an yi min kyautar gida.

Ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Amma don ba bam ba ne, ba shi ke nufin na yarda ba. Inji ne, kuma ni ban taɓa karɓar inji ban tambaya ba." Ya juya ya fuskanci 'yarsa, ya sa kunnen dama gaba. "Injiniya, in tukunyar nan ta yi zafi fiye da kima, kuma wuta ta ɗauke, wa zai kashe ta?"

Auta ta ɗaga murya yadda ta saba yi masa a waya. Ta ce an tsara irin wannan ne yadda za ta tsaya da kanta, ruwan da ke kewaye da ita ya ci gaba da sanyaya ta ko ba famfo. Ta ce duk da haka ba a barin ta ba mutane, dare da rana, kuma akwai masu sa ido daga waje waɗanda ba ma'aikatarsu ke biyan su ba. Ya tambayi kaurin ƙarfen, ta faɗa masa, ya gwada da tafin hannu ya ce to. Ya tambaya ko 'ya'yan garin za a koya wa aikin, ko kuwa in abu ya lalace sai a zauna jiran baƙi. Ta ce akwai shirin koyarwa, kuma a sa shi a rubuce kafin a yarda.

"Saura ɗaya," in ji shi. "Kowane inji yana da baƙin mai. Ina za ku zubar da naku?"

Auta ta daina murza zoben. Ta ce, "Ba a zubarwa, Baba. Ba shi da yawa, amma yana da haɗari, kuma haɗarin yana daɗewa fiye da rayuwar jikokin jikokinmu. Ana rufe shi a manyan tukwane na ƙarfe da kankare, a yi gadinsa. Inda za a kai shi ya zauna dindindin kuwa, ban sani ba tukuna. Ba a yanke ba."

Shugabanta ya daina duba agogo ya dube ta. Ni ma a raina na ce shi ke nan ta kashe kanta. Sai na ga maigidana yana murmushi har haƙorinsa na gefe da ya karye ya fito. Ya ce wa jama'a, "Kun ji ko? Makanikin da ya ce maka ya san komai, ɗauke injinka ka gudu. Wanda ya ce bai sani ba tukuna, shi ake bar wa aiki."

Mai walda ya miƙe a fusace. "Ai dole ka ce haka, 'yarka ce!"

"'Yata ce, jiya ma 'yata ce da nake zaginta," in ji Ja-Igiya. "Kai in wuta ta zauna, waldarka za ta ninka. Tela zai yi ɗinki ba ya tari. Ni fa? Ranar da abin nan ya tashi, wa zai sake kawo min janareta? Duk ɗakin nan ni kaɗai zai rufe wa shago. Kuma na ce a rufe ɗin. Na shaƙi hayaƙin nan ya ishe ni, ya cinye min kunne, har ya kusa cinye min 'ya. Ba na yi wa yaran kowa fatan wannan sana'a."

Aka daɗe ana magana bayan nan. Ungozomar asibiti ta ce ita har yanzu tsoro take ji, amma kuma ta gaji da karɓar haihuwa da fitilar waya a baki. Wani manomi ya tambayi ruwan rijiyoyi, aka ba shi amsa, bai gamsu ba, aka rubuta. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa su ci gaba da auna wurin, amma ba za a ɗora ko bulo ɗaya ba sai sun dawo da amsar baƙin man nan a rubuce, kuma mutanen gari za su zaɓi nasu masu sa ido. Da aka ce a ɗaga hannu, masu yarda sun fi yawa, ba da nisa sosai ba. Mai walda bai ɗaga ba, ya ce sai ya gani da idonsa. Tela kuwa tuni ya naɗe ƙyallensa, yana lissafin labule nawa zai fita a ciki.

Da muka fito rana ta take. Auta ta sunkuya za ta ɗauki jakarta, ya riga ta. Ta ce, "Haba Baba, kawo mana." Ya ƙi. Dattijo da furfura, da ƙonannen aljihu, ya rataya jakar 'yarsa a kafaɗa ya shiga gaba, mu muna biye. Duk shagon da muka wuce sai an tsokane shi. Mai kayan miya ta ce, "Baba, a kawo makamai na ɗari?" Ya ce, "Ki bari sai kin iya auna tumatur." Ya ji wannan sarai, tunda ba harafinsa a ciki.

Mun kusa rumfarsa sai ya rage tafiya har Auta ta iso shi. Ya karkato da kai wajenta, ya kare baki da hannu irin na mai faɗin asiri. Shi a ganinsa raɗa yake yi. Amma wanda ba ya jin muryar kansa bai san iyakarta ba.

"Auta," ya ce, "wata huɗun nan, ki yafe min. Kullum wayar na ƙara ina kallon sunanki."

Duk layin ya ji. Mai walda da ya riga mu isowa ya kashe injinsa, tela ya tsaya da mabuɗi a hannu, ba wanda ya yi dariya. Auta ta kai bakinta kunnensa na dama ta amsa masa, ita a hankali. Ban ji abin da ta ce ba. Shi ya ji, don na ga ya gyara ratayar jakar ya ƙara sauri ya bar mu a baya, wai kada mu ga idonsa.